Ƙwayoyin Hawan Jinin Innarki

Uwani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni mahaifinki, da Innarki, da duk mutanen gida. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Dapango lafiya, Ya tsare ki daga masu tare hanya, masu kaki da marasa kaki, Ya sa ki shiga aikinki da ƙafar dama.

Da gangan na cusa takardar cikin buhun garin rogonki, don na san ba za ki kwance shi ba sai kin isa. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Magana ce na kasa faɗa miki ido da ido. Shekara biyu ke nan kin daina gaida Mushe Kwami, wato Malam Kwami a bakin masu Faransanci, mai ba da magani a ƙaramin asibitin unguwarmu, domin kin ɗauka rufe ƙofarsa da ya yi lokacin dogon yajin aiki shi ya hana Innarki maganin hawan jini har ɓarin jikinta ya shanye. Ba shi ba ne, ni ne. Zan gaya miki yadda aka yi, amma ki bar ni in faro daga nesa, don ba rana ɗaya na zama mutumin da ya aikata wannan wauta ba. Tsorona shi ne ki gama karantawa ki juyo da fushin nan kaina, kuma in kin yi haka ba ki zalunce ni ba.

Kafin nan bari in faɗi abin da ke cika mini ƙirji. Ranar da takardar aikinki ta zo, na saka babbar rigata ta Juma'a alhali ranar Talata ce, na zaga kasuwar Sokode sau uku ba tare da na sayi ko ƙwayar goro ba. Duk wanda ya ce mini sannu sai in ce masa, "Ka ji an tura 'yata Dapango, malamar asibiti?" Har wanda bai ce sannu ba na tare shi. Innarki ta ce na mai da kaina mai shela. Na ce mata na yarda, kuma ban gama ba. A duk zuri'armu, daga kakana da ya shigo garin nan da jakunan goro har zuwa yau, ke ce ta farko da za ta taɓa jikin mutum da ilimi, ba da ka-ce-na-ce ba. Ina alfahari da ke, Uwani, alfaharin da ban taɓa yi da kaina ba, kuma kin san mahaifinki ba ya rowar yabon kansa.

Kin tashi kin ga ana kirana Akawu. Shekara talatin na yi a biro, wato ofis, ina buga takardu, kuma a layinmu na Zongo ni kaɗai nake karanta Faransanci ba tare da na bi shi da yatsa ba. Don haka duk bayan la'asar, a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, mahauta da dillalan shanu da masu shaguna sukan taru in karanta musu jarida, ko in kunna rediyo in fassara. Abin da na faɗa shi ke zaga Zongo kafin magariba. Wannan kujera ta yi mini daɗi fiye da ta biro, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Kuskurena na farko ƙwai ne, kuma a kanki ya faɗa. Kina 'yar shekara tara na karanta a wata jaridar Turai cewa masana sun gano ƙwai yana tara maiƙo a jijiyar zuciya. Ban kai ƙarshen shafin ba na shiga gida na kafa doka: daga yau babu ƙwai a gidan nan. A lokacin kuwa kin tashi daga zazzaɓi, wuyanki duk ya fito. Da damina ta faɗi kakarki ta garin Awuda ta zo da ƙwan zabi cike da ƙwarya, ta lulluɓe su da ƙaiƙayi don kada su fashe a mota. Na tare ta a zaure na yi mata lacca. Tsohuwar ta bar ni na gama, sannan ta nuna ki da haɓa ta ce, da Hausarta ta Kotokoli, "Akawu, duba yarinyan nan. Ina maiƙo ya ke? Wannan takarda naka, ya ga Uwani kafin ya yi magana?"

Na yi dariya, na ce tsohuwa ba ta san kimiyya ba. Na sa aka rabar da ƙwan a maƙwabta. Sai bayan shekaru, ina gyaran akwati, na ci karo da jaridar na karanta ta har ƙasa. Ashe maganar manyan mutane ce masu ƙiba, masu wuni a kan kujera, masu cin ƙwai da man shanu kowace safiya. Babu inda aka ambaci ramammiyar yarinya mai karyawa da koko. Masu binciken ba su yi ƙarya ba, ni ne na ɗauki rigar da aka ɗinka wa wani na saka miki. (Na gano daga baya Innarki tana dafa miki biyu a ɓoye cikin tukunyar wake, Allah Ya saka mata.) To, duk ranar da wani ya zo miki da "an ce masana sun gano", tambayarki ta farko ita ce ta kakarki: a kan wa aka gwada? Su wane ne, me suke ci, wane aiki suke yi? In ba su yi kama da matar da ke zaune gabanki da goyo ba, ki dakata tukuna.

Na biyu nama ne, kuma a nan saura kaɗan in sha duka. Na ji a rediyo cewa waɗanda suka fi cin jan nama sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Sai na miƙe a majalisa na sanar cewa nama kisa yake yi. Ka ji mutum, a gaban mahauta! Alhaji Mamudu mahauci, wanda ke aiko mana da hanta duk Sallah, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Akawu, kai da kake cin tsire a wurina kullum, yaushe ne jana'izarka? Ka faɗa mana mu shirya." Aka fashe da dariya. Sai wani Bafillatani mai suna Jauro Bello, wanda ya kawo shanu kara daga wajen Korbongu, ya ce a hankali, "Malam, ni tambaya gare ni. Su masu cin naman nan da suke mutuwa, bayan shanu suke bi da ƙafa, ko a mota suke zaune? Suna shan taba? Suna shan giya?"

Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce masa bincike bincike ne. Mutumin da bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ya ga abin da ni ban gani ba: mai iya sayen nama kullum shi ne kuma mai mota, mai tumbi, mai zama, kuma ba daga jin labari a rediyo za ka san wanne ne a cikinsu ya kayar da shi ba. Ban ce nama da yawa alheri ne ba, ke kin fi ni sani. Amma ganin abu biyu suna tafiya tare bai isa a ce ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. A Dapango za ki zauna cikin makiyaya da manoma. Idan ɗayansu ya yi miki tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce masa ba ki sani ba, za ki bincika. Ni da na kasa faɗin haka, wata uku Alhaji Mamudu bai zauna a majalisata ba.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Bayan ɗan lokaci wata jarida ta zo da magana mai sassauci a kan naman, wata kuma ta wanke ƙwai kaɗan. Mutanen majalisa suka fara yi mini tsiya: "Akawu, yau me aka haramta?" Kunya ta sa na juya gaba ɗaya. Na fara cewa likitoci ba su san abin da suke yi ba, yau fari gobe baƙi. Ban gane ba cewa mai bincike kamar mai haƙa rijiya ne, abin da ya tarar a gaba biyar ba shi zai tarar a gaba goma ba, kuma bai yi ƙarya ba da ya faɗi na farkon. Za su ce miki, "Bara kun ce kaza, bana kun canza." Kada ki ji haushi, kada ki kuma musanta. Ki ce musu e, an ƙara sani ne, ki kuma nuna musu abubuwan da ba su canza ba tun kafin a haife ki, irin su wanke hannu da tafasa ruwa da shan magani yadda aka rubuta.

Da wannan hali nawa muka shiga shekarun hargitsi. Kina makarantar aikin jinya a Kara, ba ki ga yadda Zongo ta zama ba. Rediyon gida yana cewa gari lafiya, mu kuwa muna shaƙar hayaƙin taya. Sai kowa ya koma rediyon ƙasashen waje, kuma da yake su suke faɗa mana gaskiyar abin da ke faruwa a Lome, muka ɗauka duk abin da ya fito daga bakinsu yankan wuƙa ne. Sababbin jaridu suka cika tasha, kowa na rubuta abin da ya ga dama. Duk abin da ya fito ta hannun hukuma kuma ya zama abin zargi, har allurar yara, har ƙwayar asibiti. Dimokuraɗiyya ta zo, kowa ya zama lauya, kowa ya zama likita, ni kuwa na zama shugabansu. Majalisata ba ta taɓa cika irin ta lokacin ba, har a kan katanga ake zama.

A cikin wannan yanayi, wata rana bayan labarai, aka yi shirin lafiya. Aka ce an gwada tafarnuwa a kan wasu mutane, an ga jininsu ya ɗan sauka. Ki lura, Uwani, ba kuskuren ji na yi ba. Na ji likitan da kunnena ya ce mutanen kaɗan ne, saukar ma kaɗan ce, kuma ya rufe da cewa kada wanda ke shan magani ya daina. Na ji duka. Amma da na juyo ga jama'a, sai na ba su rabin da ya yi mini daɗi. Na ce, "Turawa da kansu sun yarda, maganin tansiyo, hawan jinin nan, yana cikin madafinmu, shekara da shekaru ana ɗura mana ƙwaya a banza!" Aka yi ta tafi. Kashegari tafarnuwa ta yi tsada a kasuwa. A sahun masallaci kuwa, in aka ce amin, sai ka ga liman ya ɗan matsa gaba.

Da abin ya tsaya a wari, da yau dariya muke yi. Amma wanda ya yi shela a waje dole ya nuna misali a gida. Kafin Mushe Kwami ya rufe ɗakin magani ya bi sahun 'yan yajin aiki, shi da kansa ya tako har gidanmu ya kawo wa Innarki ƙwayoyin da za su ishe ta wata uku. Ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Ba mu san ranar da abin nan za ya ƙare ba. Madam kada ya tsallake ko kwana ɗaya." Wasiƙarki ma ta zo daga Kara a hannun wani direba, kin rubuta a ƙasanta, kin ja layi biyu: Baba, Inna ta ci gaba da shan maganinta ko da tana jin garau, hawan jini ba ya sallama. Na karanta, na yi murmushi, na ce yarinya ta fara koya wa ubanta karatu. Na kwashe ƙwayoyin na kulle a akwatin takarduna.

Innarki ta ce, "Malam, anya kuwa? Uwani fa ta ce kada in daina."

Na ce, "Uwani shekararta biyu a makaranta, ni shekarata talatin ina karatu. Ki haɗiye wannan."

Ta haɗiye, don ba ta taɓa musa mini ba a kan abin da ke rubuce. Sati ya wuce, sati uku, sati shida. Kullum in tambaye ta yaya jiki, ta ce lafiya lau, har ta fi jin daɗi don ta daina yawan zagayawa. Ni kuma in fita majalisa in ce, "Ga shaida a gidana." Wannan ita ce wautar da ta fi kowace girma, kuma za ki same ta a kowane ƙauye: mutum ɗaya ya ce ya ji sauƙi, sai a ɗauka an gama bincike. Ban auna ta ko sau ɗaya ba. Da me ma zan auna?

Ranar wata Laraba da hantsi tana tace gasarar koko a tsakar gida, ina zaure ina jiran labarai, na ji ludayi ya faɗi, sannan ƙwarya. Na leƙo na ce, "Larai, lafiya?" Ta dube ni, bakinta ya karkace, tana son ta kira ni ta kasa. Babu mota a gari, babu mai. Wanda ya fara isowa shi ne Mushe Kwami, da silifa ƙafa ɗaya, da abin awonsa a hannu, mutumin da ke yajin aiki. Ya auna ta, ya sake aunawa, ya ɗago ya ce, "Akawu, ina magani da na kawo?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ya dube ni. Shi ya ƙirga ƙwayoyin da hannunsa, ya san ba su ƙare ba, kuma warin tafarnuwa ya cika ɗakin. Ya fita ya nemo motar shanun Alhaji Mamudu, ya tallafi kanta a cinyarsa har babban asibiti, ya je ya fito da wani likita daga gidansa. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai haƙuri.

Da kika iso bayan kwana huɗu, kika tarar da ita kwance, kika tambayi abin da ya faru. Wata maƙwabciya ta ce ai ɗakin magani a rufe yake tun tuni. Kika juyo kika dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Wannan shirun shi ne ƙaryata ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi, domin ta farko, wadda na yi wa Mushe Kwami, ruɗewa ce ta sa, ta biyu tsoro. Na ga lokacin da kika wuce Mushe Kwami a bakin famfo ba ki ce masa uffan ba, mutumin da ya fara koya miki ɗaura bandeji kina 'yar firamare. Na je na same shi na ce zan gaya miki gaskiya. Ya ce, yana nufin ke, "Bari shi ya gama lakwal tukuna. Idan ya ƙi ni, ba komai, ni ba ubansa ba ne." Na karɓi wannan rangwame da sauri, har kika gama ban buɗe baki ba.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. A wurin aikinki, ba tsohuwar da ba ta yi boko ba ce za ta fi ba ki wahala. Ita in kin zauna kin yi mata bayani da ladabi za ta ji, ko ta yi miki tambayar da za ta amfane ki. Wanda za ki yi hattara da shi irina ne: mai tabarau, mai jarida a hammata, mai rabin sani da cikakken baki. Kowane gari yana da nasa Akawun, Dapango ma ba za ta rasa ba. Ki neme shi tun da wuri. Kada ki kunyata shi a gaban mutanensa, don zai ƙara taurin kai ne, na san mu. Ki ba shi kujera, ki nuna masa abin awon, ki bar shi ya ga lambar da idonsa, ki sa ya karanta takardar har ƙarshenta, har wurin da aka ce kada a daina magani. In kika samu bakinsa kin samu unguwa. Kuma duk matar da kika ba wa ƙwaya, ki tambaye ta wa ke ajiye mata ita a gida.

Innarki ta san komai, a gabanta na kulle akwatin. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'yan'uwanta na Awuda. Da bakinta ya dawo, na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, da sharaɗi ɗaya: in gaya miki da kaina. Duk Sallah sai ta tuna mini, duk Sallah sai in ce bari ta wuce. Shekaranjiya, kina ɗaure kaya, ta kira ni ta ce, "Malam, yarinyar nan za ta tafi da ƙin mutumin da ya cece ni. Ko ka faɗa, ko in faɗa." Na ce zan rubuta. Ta ce, "To rubuta, tunda ƙarfinka a takarda yake." Ga shi na rubuta, kuma na karanta mata kafin in liƙe, har ƙasa.

Abu biyu nake roƙo. Idan kin samu hutu kin zo Sokode, kada ki sauke jakarki a gidanmu. Ki wuce gidan Mushe Kwami tukuna, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce masa mahaifinki ya faɗa miki. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ba ya jiran komai.

Na biyun nawa ne, ba ni da bakin matsa miki a kansa. In zuciyarki ta iya yafe mini, alhamdu lillahi. In ba ta iya ba tukuna, ki wuce ni a zaure ba sai kin gaishe ni ba, ba zan yi ƙorafi ba, kuma ba zai rage ko kaɗan daga alfaharin da nake yi da ke ba. Ki shiga wurin Innarki ki auna ta. Zan biyo ki a baya in riƙe miki hannun nata da ba ya ɗaguwa, kuma duk abin da kika ce a yi, shi za a yi.

Allah Ya tsare ki a gidan da kika sauka da hanyar da kike bi, Ya kare ki daga harsashin da ba ki san mai shi ba da bakin da ba ki tsokana ba. Ya sa waraka a hannunki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye. Innarki ta ce a gaya miki tana shan maganinta kowace safiya, kuma yanzu a ƙarƙashin matashinta yake kwana.

Wassalam.

Mahaifinki,
Akawu